Littafin da Na Binne a Gindin Tsamiya

Ina gaishe ku da sunan Yesu Almasihu, 'yan'uwana. Ni ce Saratu ta Gafasa. Ban taɓa riƙe alƙalami ba, faɗa na yi aka rubuta, amma abin da idona ya gani babu mai gyara mini shi.

Shekarar da ruwa ya cinye mana gyaɗa, damina biyu bayan rasuwar maigidana, jikata Rifkatu ta zo hutu daga kwaleji a Kano. Wai karatun zafi da lantarki da maganaɗisu take yi. Ta zo da wani baƙin ƙarfe, in ta kai shi kusa da allura sai allurar ta tashi da kanta ta manne. Littafinta kuwa cike da zane, wasu dogaye a lanƙwashe kamar macizai.

Ni 'yar gidan bori ce kafin Ubangiji ya kira ni. Shekara talatin ina waƙa a majami'a, ashe tsoron nan yana kwance a cikina. Na ce abin da na gudu na bari ne ya biyo jikata. Na ƙulle littafin da ƙarfen a tsumma, na binne a gindin tsamiya, yadda muke yi wa kayan sammu.

Saura kwana tara jarrabawa. Yarinya ta birkice ɗaki tana neman littafin, ta daina cin abinci.

Ran nan da rana tsaka ina addu'a a gindin tsamiyar, barci ya ɗauke ni. Na ga gonarmu, allurai sun tsiro kamar gero, suna sheƙi, duk sun karkata gefe guda, ga shi babu iska. Na ratsa cikinsu ba takalmi, ko ɗaya ba ta soke ni ba. Na farka da sanin cewa wanda ya koya wa ruwa gangara, Shi ya koya wa ƙarfe ja. Tsoron ya tafi, wayyo daɗi!

Na tone da hannuna. Gara ta ɗan taɓa gefen littafin. Rifkatu ta karkaɗe ƙasar, ta dube ni, ta ce, "Kaka, shuka shi kika yi ki ga ko zai tsiro?"

Ta ci jarrabawarta. Ƙarfen ta bar mini. Da shi nake tsintar allurata in ta faɗi a rairayi, tunda ido ya yi rauni.

Cikin matan da aka yi mana baftisma tare, saura ni da Ladi ta Toranke. Na gode wa Ubangiji da bai bar ni na tafi da tsoron nan ba. Ku dogara gare Shi, ku je ku tone naku.