Sun Cire Sunan Babana Daga Waƙar

Salamu alaikum mai gabatarwa, da kai da masu saurare. Daga Gwashi ta Bukkuyum nake rubuto maka.

Makon jiya ka ce sabon faifan makaɗan noman nan na Anka ya fi tsofaffin kaset ɗinsu. Wallahi ban yarda ba.

Kaset ɗinsu na farko a gona aka ɗauke shi, ranar gayya. Kana jin ganga, kana jin ihun manoma. A ciki suka wasa marigayi babana, don ya riga kowa kai ƙarshen kuyya. Na biyu ma ba laifi. Wannan sabon kuwa fiyano ne zalla, ko ganga babu.

Na kunna wa Inna shi a waya. Nan take ta gane waƙar, ta ajiye rariya tana jiran sunan mijinta. Da aka zo wurin, sai suka kira wani mai sayen zinari na Bagega, wanda bai taɓa riƙe hauya ba. Inna ta ce, "Kashe abin nan, ɗana."

Mai gabatarwa, ka tambayar mana su: don mutum ya mutu, sai a ba wani waƙarsa? Tsohon kaset ɗinmu ya tsinke. Duk mai shi, don Allah ya ara wa Inna.