Rijiyar da Aka Rufe da Siminti

Kwana biyu ke nan mota ba ta tashi daga tashar Filinge ba, don babu esansi, wato man fetur. Habsa na zaune da akwatin ƙarfe naɗe cikin zane, sai wani ma'aikaci mai jaka ya zauna gefenta.

"Inna, mi kike rungume da shi kamar jinjiri?"

"Akwatin pompon garkarmu ne, mai jan ruwa da hasken rana, ɗana. Ya mutu, zan kai shi gyara Yamai. Kwana tara albasar mata arba'in ba ta sha ruwa ba."

"Ku riƙa ja da guga mana."

"Ta wane baki? Masu furoje, masu aikin raya karkara, sunka ce ja da shanu ƙauyanci ne, rana kuwa ba ta ƙarewa. Sunka rufe rijiyar da siminti, mu kuma munka saida bijiman."

"Tsarin ƙasa ne, Inna, don tsabta. Ni kaina na rufe goma sha biyu cikin ƙasar Kurfai."

"Madalla, yau na gamu da mai abu! Wace unguwa zan nufa a Yamai don gyaran?"

Ya karɓi akwatin, ya daɗe yana duban lambarsa.

"Kada ki wahalar da kanki. Masu kawo irinsa sun tattara sun tafi tun juyin mulki. Babu kayan gyaransa a Yamai."

"Kai ina za ka?"

"Taro kan makamashin rana."

Habsa ta zare zanen da ta naɗe shi, ta bar masa akwatin bisa cinya.

"To, aza musu shi bisa tebur. Ni zan koma neman guduma. Mu fasa simintin, mu shiga igiya a madadin shanun. Albasar dai ba za ta jira mu ba."