Ƙyallen Kawu Pyo a Juye Ya Bar Shi

Mai girma mataimakin magajin gari, barka da zuwa. Shugaban ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Seonpo, Shugaba Eom, da daraktocin da suka rako shi, barkanku da zuwa. Koci da 'yan wasa, na da da na yanzu. Dattawanmu na sashen walda. Inna Sun-rye, matar marigayi, da 'yarsa Yaya Mi-ran. Sai mu magoya baya, 'yan bayan raga, da muke tsaye can baya kusa da ƙofa. Na gaishe ku yadda aka jera kujeru. Da ni na jera su, Inna ce za ta zauna a gaba, wasu kuma su nemi wuri kusa da takalman da aka cire a bakin ƙofa.

Sunana Ha Jin-uk, mai walda ne a sashe na uku na masana'antar ƙera jiragen ruwa. Na san a ɗakin nan akwai waɗanda suka haife ni, kuma bai kamata ƙarami ya miƙe manya suna zaune ba. Inna ce ta ce in yi magana, shi ya sa na miƙe. Yau kwana arba'in da tara da rasuwar Kawu Pyo Deok-bae, ranar da al'adarmu ta ware don sallamar mamaci. Shekaranjiya ofishin ƙungiya ya aiko mini da takarda shafi biyu, wai ita zan karanta. Na karanta ta a gida. Sunan kamfani ya fito sau goma sha ɗaya, sunan Kawu sau biyu. Tana nan a aljihuna, duk wanda ya rubuta ya zo ya karɓi abinsa bayan an tashi.

Kawu ya kasance mai walda kafin ya zama komai. Lokacin da ƙungiyar nan take ta ma'aikata, suna buga wasa ranar hutu a filin tsakuwa da ke bayan ma'ajiyar ƙarfe, shi ne ɗan baya. Da kamfani ya mai da ita ta ƙwararru, aka yi gwaji, aka zubar da shi a rana ta biyu. Da bakinsa yake ba mu labarin, yana dariya. Wai kocin ya dafa shi ya ce, "Pyo, zuciya kam akwai, amma ƙafafun nan naka an yi su ne don tsayuwa gaban ƙarfe." Da wani ne, da ya yi fushi ya daina zuwa fili. Kawu ya nemo tsohon tamfol da ake rufe injin jirgi da shi, ya samo ragowar fentin jikin jirgi, ya rubuta kalmomi huɗu: Nan aka haife mu. Inna ce ta ɗinke masa gefuna, kuma har gobe tana mitar allurai bakwai da ya karya mata a keke. Shekara talatin da takwas ƙyallen nan yana rataye a bayan raga ta kudu, shi kuma yana ƙarƙashinsa da ganga.

Ya kasance a wurin ranar da muka ci gasar ƙasa karo na farko. Ban zo duniya ba a lokacin, amma na san ranar kamar ni na jiƙe. Ni ban yi jami'a ba, a aji biyu na babbar sakandare na tsaya. Kawu ne ya damƙa mini kwali cike da tsofaffin jaridu da takardun wasa, ya ce in daina ihu a kan abin da ban sani ba. Na karance su, na wuce ɗakin karatu na gari na karance sauran. Ruwa ake kamar da bakin ƙwarya, saura minti huɗu a tashi, ana canjaras, ɗan wasanmu Nam Chil-seong ya yi tsalle ya zura ƙwallo a raga da kai. Ga shi can zaune da sandarsa, a layi na biyar, bayan mai ɗaukar hoto. Mutumin da ya ɗora tauraron cin gasa na farko a ƙirjin rigarmu, layi na biyar.

Bayan shekara shida aka ƙara tauraro na biyu. Aka ci kofin ƙalubale sau biyu. Aka kai wasan ƙarshe na nahiya, aka fitar da mu a bugun fenareti, Kawu ya dawo ta jirgin ruwa da muryarsa a dishe, mako guda yana walda yana magana da hannu. Duk wannan yana cikin takardar ofis, sun jera shi kamar su suka buga. Shugaba Eom shekara huɗu ke nan da aka turo mana shi daga sashen sayar da firji. A wasansa na farko ya leƙo daga ɗakin gilashi ya tambayi direbansa me ya sa mutanen bayan raga ba su zama, ko kujeru ne suka yi kaɗan.

Ya kasance mai haƙurin da har haushi yake ba mu. Shekarar da muka faɗa rukuni na biyu, mu matasa muka tare motar 'yan wasa a bakin ƙofa, muka ce sai koci ya sauko ya rusuna ya ba mu haƙuri. Sauran ƙungiyoyin magoya baya duk suka juya ƙyallensu kai ƙasa, yadda ake yi in an yi fushi da hukumar ƙungiya. Ni na hau ƙarfen bayan raga zan juya na Kawu. Ya kamo ni ta bel ya sauke ni kamar buhu.

Ya ce, "Kai ɗan banza, uban wa ya aike ka?"

Na ce, "Kawu, an kunyata mu."

Ya ce, "Yaran nan sun yi gudu har sun yi amai, na gani da idona. Ba su iya ba ne kawai. Ni ma ban iya ba aka kore ni. Je ka ka saya mini taliya, yunwa nake ji."

Ranar na ce a raina tsohon nan ba shi da jini a jika. Shekara uku muna rukuni na biyu, muna bin motoci zuwa garuruwan da filinsu ba shi da ko rumfa, ƙyallen yana miƙe. Muka dawo rukuni na farko, yana miƙe.

Sai bara wata jarida ta fasa maganar da kowa a nan ya sani: kamfani zai kwashe ƙungiyar ya kai ta wani sabon gari kusa da Seoul, inda ya gina dogayen gidaje yana neman masu saye. Shugaba Eom ya zo bayan raga da kansa, ya rusuna har ya kusa taɓa ciyawa da goshi, ya ce jita-jita ce. Bayan wata biyu aka ga hotonsa a can da hular ma'aikata da shebur mai ƙyalli, yana ɗiban ƙasar harsashin sabon fili.

Asabar da ta biyo baya Kawu ya riga kowa zuwa. Bai kira kowa ba. Mutum mai shekara sittin da takwas, huhunsa ya riga ya cika da hayaƙin walda, ya hau ƙarfe shi kaɗai ya kwance igiya ya juya ƙyallen kai ƙasa. Da na iso na same shi zaune yana haki. Ya ce mini, "Jin-uk, yanzu ne lokacin. Kada wanda ya miƙe shi sai sun tsaya a gaban garin nan sun ce sun fasa." Aka hana shi shiga fili wasa uku, wai ya ɓata wa baƙi gani. Ya ɗauki gangarsa ya hau gadar masu tafiya a ƙasa da ke bayan fili, yana bugawa daga can, muna amsa masa daga ciki. A asibiti, ranar da na yi masa ganin ƙarshe, bai tambaye ni aiki ba, bai tambaye ni yaushe zan yi aure ba kamar yadda ya saba. Cewa ya yi, "Yana nan yadda na bar shi?" Na ce yana nan.

To, ku ɗaga kai ku duba bangon da ke bayan hotonsa.

Ga ƙyallen can a miƙe. Mako guda da rasuwarsa ma'aikatan ofis suka kwance shi, wai za a gyara. Sun wanke shi. Sun yi masa guga. Ruwan sama na shekara talatin da takwas, da miyar da ta zube a kai a tashoshin mota, duk sun wanke, suka kawo shi nan suka rataye shi daidai, tsakanin fararen furanni masu ɗauke da sunayen daraktoci da manyan baƙaƙe. Ɗazu a bakin ƙofa na ji Shugaba yana gaya wa mataimakin magajin gari cewa a ƙarshen rayuwarsa idon tsohon ya yi rauni, shi ya sa yake rataye shi a karkace. Ranka ya daɗe, idan shekara huɗu kana shugabancin ƙungiya ba ka san abin da ƙyalle a juye yake nufi ba, abin kunya ne. Idan ka sani, ka yi wa mamaci ƙarya a gaban hotonsa. Zaɓi wanda ya fi maka sauƙi. Na gan ka ka rusuna masa sau biyu yadda ake yi wa wanda ya rasu, na ukun kuma mai ɗaukar hoto ka yi wa.

Jama'a, ga abin da ba a faɗa muku ba. Ofis ya roƙi Inna ta ba su ƙyallen nan kyauta, za su saka shi a akwatin gilashi a gidan tarihin sabon fili, da fitila a samansa. Nan aka haife mu, a garin da shekara goma da suka wuce gonar kabeji ce. Suna so mutanen can su tsaya su karanta su ce ashe tsohon ma ya yarda. Inna ta ce musu za ta ba da amsa yau, bayan an gama jawabi. Takardar sa hannu tana cikin jakar can da ke kan cinyar sakatariyar Shugaba.

Inna, ke kika ɗinka shi. Ke kika yi shekara talatin da takwas kina cin abincin Asabar ke kaɗai saboda shi. Idan kin gaji da ganinsa, babu wanda zai ga laifinki, ni da kaina zan naɗe shi in miƙa musu, in kuma rufe bakina. Yaya Mi-ran, na san kin sha jin haushinmu, mun cinye miki uba tun kina ƙarama. Ba mu da abin da za mu ba ku a madadinsa. Ba mu da gilashi, ba mu da fitila. Ƙarfen bayan raga kawai muke da shi, da igiya, da ruwan sama. Amma na yi masa alkawari a gadon asibiti, kuma ƙyallen naki ne, ba nawa ba. Ki faɗa mana.

Kun ji ta? Na can baya ba su ji ba, bari in maimaita. Inna ta ce, "Ku juya shi, kuma ku bi a hankali, ɗinkin gefen hagu ya tsufa."

Na gode, Inna. Gil-su, kai mai buga mana ganga yanzu, tsani yana bayan ƙofa. A riƙe masa. Sakatariya, ki ɗan matsar da furannin nan kada su sha taka.

Mun gode wa duk wanda ya zo don Kawu. Akwai jar miyar naman sa da shinkafa a ɗakin ƙasa, dattawan walda da Baba Nam su fara sauka. Asabar muna da wasa a gida, ƙarfe biyu, kowa ya san inda zai same mu.

Allah ya kai Kawu Pyo wuri mai kyau, inda numfashi ba ya wuya. Allah ya ba Inna da Yaya Mi-ran ƙarfin zuciya. Allah ya nuna mana ranar da za mu miƙe ƙyallen nan da hannunmu, a nan inda aka haife mu. Kawu, huta lafiya. Yana nan yadda ka bar shi.