Ayar da Babu a Littafi

Ranar Juma'a bayan an tashi daga coci, a cikin abra, ƙaramin jirgin fasinja mai haye ruwa daga Bur Dubai, Wakili mai gyaran AC ya hango Littafi Mai Tsarki na Hausa a cinyar wata dattijuwa.

"Sannu Mama. Don Allah ki duba mini wata aya. Shekara ashirin ina nemanta."

"Faɗi in ji, ɗana."

"A ƙarshen Markus take. 'Hannuna ya yi sanyi, wanda ya karanta ya tuna da ni.' Fastonmu ya ce babu ita. Wai masu kwafar littafi da hannu a zamanin da sukan yi ɗan rubutu a gefe, na bayansu ya shigar da shi ciki, ya zama aya."

Matar ta ɗago kai ta dube shi.

"A bakin wa ka ji ta?"

"Wani tsoho mai baƙin tabo a goshi, ya kwana gidanmu a Zonkwa ina yaro. Daga wani littafin rubutu na makaranta ya karanta mana."

"Babana ke nan, katikis ne, mai koyarwa a coci. Da hannunsa ya kwafe Markus, ranar da ya gama ya ƙara wannan a gefe. Wace shekara ya zo muku?"

"Casa'in da takwas."

Ta rufe littafinta a hankali.

"Ya rasu a saba'in da huɗu, ɗana. Da littafin da ya kwafe ɗin muka binne shi."