Ƙofar da Kawu ya sayo a Ƙonni

Salamu alaikum Malam mai gabatarwa, Hamza mai walda ne. Mutanen Illela, me muka yi muku?

Ni da abokina Sani muka buɗe shago muna ƙera ƙofofin ƙarfe. Kuka ƙi saye, wai aikin ɗan gida ba ya ƙarko. Dole muka riƙa kai wa wani ɗan kasuwa a Ƙonni. Sani ya gaji, ya tafi Abijan. Har yau in aiki ya yi kyau sai in waiwaya in kira sunansa.

Jiya Kawuna ya sauke ƙofa daga Ƙonni, wai daga Sakkwato aka kai ta can, yana taƙama: "Hamza, zo ka ga aikin Sakkwato!" Na leƙa bayanta, ga alamar da Sani ke zanawa a ƙofofinmu.

Kawu, na san kana saurare. Fito ka amsa gaban jama'a: sai ni ma na tafi za ku yarda da hannunmu?