Na Sayar da Irin Gyaɗar Baba

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa, barka da aiki. Ni ne Sani, daga wani ƙauye kusa da Kunci.

Ranar kasuwa wani mai mota da lasifika ya yi ta rantsuwa wai maganinsa yana mayar da tsoho saurayi. Ban tambayi kowa ba, na kwashe irin gyaɗar da Baba ya adana duk da wannan tsadar, na sayar a ɓoye, na sayo masa kwalba. Ya shanye tas, amma gwiwarsa da ke masa ciwo tana nan yadda take.

Jiya aka yi ruwan shuka. Baba ya ce, "Sani, tsufana bai dame ni ba. Ɗauko mana iri." Na ce sai gobe.

Jama'a, don Allah, me zan gaya masa?