Furosesan Jikan Hajiya Dije

A wata rumfar kayan kwamfuta a Rano, mai rumfar, Uzairu, ya daidaita da wata tsohuwa daga Kibiya, Hajiya Dije, a kan furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, da za ta saya wa jikanta, har ya fara ƙunshe mata.

"Hajiya, wane madabod jikan naki yake da shi? Allon da za a ɗora wannan a kai nake nufi."

"Oho. Ni dai babba na ce ka ba ni. Haka nake yi masa da rigar Sallah, in ta yi yawa bana, baɗi ta yi daidai."

"Wannan ba ya jiran baɗi. Kowanne da gurbinsa. In bai zauna ba, kwamfutar ba za ta tashi ba."

"To ba ni mai zama, ɗan nan. In ta tashi, a Kibiya jikana Adnan zai buɗe shago. In ta ƙi, Kano zai tafi, ni kuma wa zan riƙa yi wa faɗa?"

Uzairu ya kwance ƙunshin. "Kira shi ya karanto mana lambar allon."

Da Adnan ya karanto lambar ta waya, ashe ƙarami mai araha ne zai shiga. Uzairu ya yi asarar babban ciniki, Hajiya ta tsira da jikanta. Kano kuwa ta rasa mutum ɗaya, ba ma za ta lura ba.